Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Wa Ke da Bakin Tsayar da Jirgi?

Ranar Alhamis 11 ga Yuli 1991, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, wani jirgin sama ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya nufi Sakkwato. A cikinsa akwai fasinjoji 247, alhazai masu komawa gida bayan sauke farali, da ma'aikata 14. Jirgin na wani kamfanin ƙasar Kanada ne mai suna Nationair, kamfanin Nigeria Airways ya ɗauko hayarsa tare da ma'aikatansa don jigilar aikin Hajji. Kimanin minti goma ya yi a sama, ya juyo yana ci da wuta, ya faɗi saura kusan kilomita uku ya kai titin sauka. Mutum 261 ne a ciki, ba ko ɗaya da ya fita. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mai karatu na iya tambaya, me ya kawo zancen haɗarin jirgi gaban masu nazarin harshe? Amsar tana cikin abin da bincike ya gano. Taya ce ta fashe, gaskiya ne, amma kwana huɗu kafin ta fashe an riga an san iskarta ta gaza. Tsakanin ranar da aka sani da ranar da aka mutu, abin da ya gudana duk magana ce: wata an faɗe ta an ƙi ji, wata an rubuta ta ba daidai ba, wata kuma ba ta taɓa kaiwa kunnen matuƙi ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda aikinsa ya sa shi ne ke ganin aibin na'ura, dole a ba shi ikon cewa ba za a tashi ba, kuma dole a tanadar masa kalmomin faɗin haka a gaban wanda ya fi shi. Rabin farko aikin masu doka ne da masu kamfani. Rabi na biyu namu ne.

Kwana huɗu na shiru

Tun ranar 7 ga Yuli makanikan jirgin suka auna tayoyi, suka tarar ta 2 da ta 4 iskarsu ba ta kai ƙa'idar tashi ba. Masu bincike sun gano daga baya cewa an sauya lambobin da ke takardar awo, aka mayar da su kamar komai lafiya. An kuma shirya canza tayoyi a Akara, babban birnin Gana, sai saƙo ya iso daga manajan da kamfanin ya ɗora kan aikin jigilar, cewa an makara, a hanzarta kada kwangila ta suɓuce. Aka fasa. Ranar tafiya da safe, ana dab da tashi, babban bakanike ya nemi a kawo iskar naitirojin ya ƙara wa tayoyin, domin da ita ake cika tayar jirgi, saboda busasshiya ce kuma ba ta rura wuta. Ba a same ta a kusa ba, sai an jira. Manajan, wanda ba shi da horon sanin haɗarin taya mai laushi, ya ce a bar zancen. Labarin bai kai ga matuƙan jirgin ba.

Tayoyi biyu da ke kan ƙarfe ɗaya raba nauyi suke yi, kamar mutum biyu da suka tallabi buhun gero. In ɗaya ta yi laushi, ƴar'uwarta ce ke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Ga jirgi cike da mutane da kaya, ga zafin Jidda na watan Yuli: lafiyayyar ta fara fashewa, mai laushin ta bi ta, ƙarfen ƙafa ya riƙa gurzar kwalta har wuta ta kama. A ɗakin tuƙi an ji ƙara. Na'urar ɗaukar murya ta nuna mataimakin matuƙi ya kawo zancen fashewar taya, amma da sigar tambaya, aka ci gaba da gudu. Da jirgi ya ɗaga aka naɗe ƙafafu, wato aka shigar da wuta cikin cikinsa, inda wayoyin lantarki da bututun mai suke, a wurin da ba a sa na'urar gano gobara ba.

Har a sama harshe bai daina tuntuɓe ba. Kyaftin ya kira hasumiya da sunan kamfaninsu na Kanada maimakon sunan Najeriya da tafiyar ke amsawa, mai kula da zirga-zirga kuwa ya ɗauka wani jirgin Saudiyya ne ke kukan matsala. Sai da aka yi kamar minti uku kafin a gane wa ke magana da wa. Masu bincike sun ce wannan ruɗanin bai sauya komai ba, wuta ta riga ta yi nisa. Maganar da za ta ceci rai ita ce wadda ta mutu a ƙasa, tsakanin bakanike da manaja.

Iko uku a kan jirgi ɗaya

A dokar sufurin sama ta duniya, kyaftin ne ke da magana ta ƙarshe a kan jirginsa. In ya ce ba zai tashi ba, ba mai tilasta shi. Kafin jirgin ya zo hannunsa kuma, sai an sa hannu cewa ya cancanci tashi, bisa shaidar masu gyara. Akwai ma jerin da aka tanada na abubuwan da za a iya tashi ko sun lalace, kowanne da sharaɗinsa da wa'adinsa, don kada wani ya yi hukunci da son ransa. Ikon matuƙi da ikon mai gyara duk a rubuce suke. Iko na uku ba ya cikin littafin doka, amma kowa na jin nauyinsa: ikon mai riƙe da agogo da kwangila, wanda ake ganin a bakinsa albashi yake. A Jidda na ukun ne ya danne na biyu, na biyu ya yi shiru, na farko ya yanke hukunci cikin duhu. Ikon kyaftin bai wuce iyakar labarin da ya iso masa ba.

Masanin falsafar harshe J. L. Austin, a laccocinsa da aka buga a 1962, ya nuna cewa akwai furucin da shi kansa aiki ne. Idan waliyyi ya ce "na bayar", wakilin ango ya ce "na karɓa", a gaban shaidu, aure ya ɗauru da furucin nan. Amma Austin ya gindaya sharuɗɗa: mai faɗin ya zama wanda ya cancanci faɗi, a bi tsarin da aka sani, kuma ya zama da gaske yake. Sa hannu a takardar sallamar jirgi irin wannan furuci ne. Da zarar alƙalami ya sauka, tarin ƙarfe ya zama abin da doka ta yarda ya ɗauki mutane. A Jidda, wanda ya sa hannun shi ne injiniyan da ke zama a ɗakin tuƙi, wanda ba ya cikin masu aikin tayoyin. Furuci ya cika a takarda, sharaɗinsa bai cika ba.

Maganar da ke hawa sama

Masu harkar jirage sun daɗe da sanin wannan ciwo. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Injiniyan jirgin ƙasar Holan ya tambayi kyaftinsa ko ɗaya jirgin ya riga ya fice daga titi. Kyaftin, wanda babban malamin horar da matuƙa ne a kamfaninsu, ya amsa da ƙarfi cewa ya fice, zancen ya mutu nan. A 1979 hukumar NASA ta Amurka ta kira taro kan irin waɗannan haɗurra, daga nan aka soma horar da ma'aikatan jirgi yadda za su yi amfani da idon juna da bakin juna. Duk da haka, ranar 8 ga Janairu 1989, a Kegworth ta Ingila, injin hagu na wani jirgi ya lalace, matuƙa suka kashe na dama. Fasinjoji sun ga wuta a hagu, sun ji kyaftin ya ambaci dama, suka yi shiru a kan ya fi su sani. Mutum 47 suka mutu.

A 1988 wata masaniyar harshe mai suna Charlotte Linde ta yi nazarin maganganun da aka naɗa a haɗurran jirage da kuma ɗakunan gwajin tuƙi. Ta tarar maganar da ke hawa daga ƙarami zuwa babba ta fi yawan sassauci, wato an fi lulluɓe ta da tambaya da shagube da ban haƙuri. Ta kuma tarar shawarar da aka sassauta ta fi saurin faɗuwa ƙasa ba a ɗauka ba. Amma akwai sakamako na uku da masu saurin hukunci ke tsallakewa: a ɗakin gwaji, ma'aikatan da suka fi kiyaye lafiyar tafiya sun fi na baya yawan sassauta magana a tsakaninsu. Wato ladabi shi ne man da ke sa mutane su yi aiki tare ba tare da sun goge juna ba. Cutar tana zuwa ne idan ladabin ya shige cikin saƙon ya narkar da shi.

Matakalar Bahaushe

Mu dawo gida. A ce a wata tasha a Maraɗi an cika mota da fasinja za a tafi Tsibiri, ko an lafta wa wata buhunan zogale daga lambunan Jiratawa za a shigo kasuwa. Yaron mota ya duƙa ya ga tayar baya ta kumbura. Ga abin da Hausa ta ba shi ya zaɓa, daga ƙasa zuwa sama:

"Maigida, kwalta fa da zafi yau."

"Anya tayar bayan nan kuwa?"

"Da an ɗan biya wajen mai faci."

"Ya kamata mu canza tayar nan kafin mu tashi."

"Kada ka tashi. Tayar baya ta dama ta kumbura, za ta fashe."

Taya ɗaya ce, jimla biyar. Wanda ya taso a gidan ladabi daga ta farko yake somawa, kuma da wuya ya wuce ta uku. Kowace daga cikin ukun farko ta bar wa maigida ƙofar fita: ta farko zancen yanayi ne, ta biyu tambaya ce da za a iya kashewa da "za ta kai", ta uku kuwa buri ne da bai ɗora wa kowa nauyi ba. Yaron zai tafi da zuciyar cewa ya faɗa. Maigidan zai rantse ba a gaya masa ba. Kuma duka biyun ba ƙarya suke yi ba.

Nahawunmu ma yana da wuraren ɓuya. Akwai wakilin sunan nan maras fuska, na "an yi", "aka ce", "za a duba". A gaisuwa ado ne, da shi muke sakaya babba mu ce "an tashi lafiya?" Amma a bakin mai miƙa aikin gyara rami ne. "An duba birki." Wa ya duba? Yaushe? Me ya gani? Haka aikatau ɗan giredi na 7 a rabon Parsons: "ta gyaru" na nuna aiki ya kammala sarai, ba tare da ya ambaci hannun da ya yi shi ba. Sai kalmomin kwantar da hankali. Bahaushe na ce wa majinyacin da ke gargara "da sauƙi", kuma ya yi daidai, domin addu'a ce da tausasawa. Idan aka ce wa injin da ke ɗigar mai "da sauƙi", an yi masa addu'a a inda ake bukatar awo.

Babbar cikinsu ita ce "to". Gwargwadon tsawonta da karin sautinta, tana iya zama na ji, ko na yarda, ko na ji amma ba zan yi ba, ko ruwanka. Harshen rediyon jirage ya raba waɗannan da gangan: kalmar "roger" na nufin saƙo ya iso kawai, "wilco" na nufin ya iso kuma za a aikata, sa'an nan muhimmin umurni sai mai karɓa ya maimaita shi da bakinsa don mai bayarwa ya ji ko ya shiga daidai. Karin maganarmu ta ce in kunne ya ji jiki ya tsira. Masu jirage sun ƙara da cewa sai an tabbatar kunnen ya ji.

Laifin al'ada ne?

A nan wani zai yi wuf ya ce ai matsalar ke nan, al'ummar da ke girmama na gaba ba za ta iya da na'urar zamani ba. An sha faɗin haka game da mutanen Asiya da na Afirka, ana jingina da ma'aunin Geert Hofstede na tazarar da ke tsakanin shugaba da mabiyi a ƙasashe daban-daban. Ban yarda da wannan hukunci ba. Kamfanin da ya yi aikin Jidda na Kanada ne. Masu tuƙin Tenerife mutanen Holan ne, ƙasar da ma'aunin Hofstede kansa ya sa cikin masu ƙarancin tazara. Kegworth kuwa a tsakiyar Ingila take. Tsoron na gaba, da tsoron rasa abinci, da matsin lokaci, na ɗan Adam ne duk inda yake. Abin da kowane harshe ke yi shi ne ya ɗinka wa tsoron riga irin tasa.

Kuma wanda ya ce al'adar Hausa kunya ce zalla bai karanta ta duka ba. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya jero kunya da ladabi, amma ya jero su tare da gaskiya da amana. Bakaniken da ya ga aibi ya haɗiye don kunya ya sayi ɗabi'a ɗaya da kuɗin guda biyu.

Fadojinmu ma sun riga mu warware wannan ƙulli. A Maraɗi, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa kan zamanin Ɗan Baskore, Sarkin Katsina na mulki ne tare da rukuni huɗu, Ƙaura da Galadima da Ƴanɗaka da Durɓi, waɗanda ke zaɓen sarki kuma ba a yanke babban al'amari a bayan idonsu. A Tsibiri ma Sarkin Gobir na da majalisarsa ta mutum tara. Iko na sarki ne, amma an raba bakuna. Dubi kuma zagi da ke tafe gaban dokin sarki ranar hawa. In ya hangi rami ko tuntuɓe, ɗaga murya yake yi ya ce "Hattara, Zaki!" Kalma biyu: ɗaya gargaɗi tsirara, ɗaya girmamawa cikakkiya. Ba wanda ya taɓa kiran zagi maras kunya, domin an ba shi matsayin faɗi kuma an yanka masa kalmomin faɗi. Da zarar gargaɗi ya zama aikin ofis, nauyin baki ya sauka daga kan mutum.

Kalmomin da za a yanka

Abin da nake kira gare shi ke nan: a bar ladabi a wurin kira, a fitar da shi daga cikin saƙo. Horon ma'aikatan jirgi na koyar da jimla mai gaɓoɓi sanannu, kuma Hausa na iya ɗaukarta ba tare da ta yi targaɗe ba. A fara da kiran mutum da girmansa. A faɗi abin da aka gani, da "na" ta mai magana, da suna da lamba. A faɗi matsayin da aka tsaya a kai. A rufe da abin da ake nema, a kuma nemi amsa. Misali: "Ranka ya daɗe, na auna taya ta 2, iskarta ta gaza ƙa'ida. Ba zan sa hannu ba sai na cika ta. Ina bukatar rabin awa. Ka amince mu jira?" Babu zagi a ciki, babu ɗaga kai, babu kuma ƙofar da za a sulale a ce ba a gane ba. A tasha ma haka: "Maigida, na ga tayar baya ta dama ta kumbura. In muka hau kwalta da lodin nan za ta fashe. Mu sa safaya yanzu."

Shi ma babba da nasa rabon. Wajibinsa ne ya maimaita abin da ya ji kafin ya yanke hukunci, kuma in ya ƙi shawarar ya faɗi dalili da bakinsa, da sunansa. Wasu kamfanoni da asibitoci sun ƙara da ƙa'idar cewa in ƙarami ya yi gargaɗi sau biyu ba a amsa ba, yana da izinin ya wuce gaba da maganar. Da a ce a Jidda ƙa'ida ta tilasta duk wata gardama kan lafiyar jirgi sai ta je gaban kyaftin, da manaja bai isa ya binne zancen shi kaɗai ba.

Abin da za a ce, da amsarsa

Za a ce jirgi ba ya tafiya da matuƙa goma, in kowa na da baki ba za a taɓa tashi ba. Amsa ita ce iko iri biyu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ikon cewa "mu tafi" na mutum ɗaya ne, kada a raba shi. Ikon cewa "a dakata" kuwa na duk wanda ya ga aibi ne a fagen da ya ƙware. In mai tsayarwa ya yi kuskure, an yi asarar awa ɗaya da ɗan kuɗi. In mai tafiya ya yi kuskure, asarar ba ta da mayarwa.

Za a ce kuma kalmomi ba su cika ciki. Yaron da ke jiran sallamar yamma daga hannun maigida, ko bakaniken da kwangilarsa ke hannun manaja, ba nahawu ne ya rufe masa baki ba, yunwa ce. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa na ce rabin aikin na masu doka ne. Tun 1976 Amurka ke da tsarin da ma'aikacin jirgi zai kai rahoton kuskure ko haɗari a asirce, NASA ce ke karɓa, ba hukumar da ke hukunta shi ba. Ƙa'idar binciken haɗari ta hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ta ce manufar bincike hana aukuwar wani ne, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Amma kariya ba ta wadatarwa in mutum bai san yadda zai buɗe baki ba. Sau da yawa ƙarami na da niyyar faɗi, sai ya laluba ya tarar jimla biyu kawai ya gada: ta shagube da ta rashin kunya. Ya ɗauki ta farko don gudun ta biyu. Ba shi ta uku taimako ne na gaske.

Za a ce, daga ƙarshe, harshen jirage Ingilishi ne, na makarantunmu Faransanci, ina ruwan Hausa? Gaskiya ne tun 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙa da masu hasumiya na zirga-zirgar ƙasa da ƙasa kai wani mataki na Ingilishi. Amma wannan na rediyo ne. A ƙarƙashin fiffike, tsakanin mai gyara da mai zuba mai da mai lodi, mutane da harshen da suka saba suke magana. Ban da haka, masana sun daɗe da nuna cewa mutum na ƙaura da ɗabi'ar maganarsa zuwa harshe na biyu. Jenny Thomas ta yi bayanin irin wannan tuntuɓe tun 1983. Ɗan Maraɗin da ya je makarantar EAMAC ta Yamai, inda hukumar ASECNA ke horar da masu kula da sararin samaniya, ko ɗan Katsinan da ya je kwalejin jiragen sama ta Zariya, zai koyi kalmomin Bature, amma "anya kuwa" tana nan a ƙarƙashin harshensa. In ba a nuna masa ita a Hausa ba, ba zai gane ta ba ranar da ta fito masa da rigar Faransanci.

Aikin da ke jiranmu

Ɗalibin harshe ba ya bukatar tikitin jirgi kafin ya soma wannan bincike. Garejojin Maraɗi da tashoshinta cike suke da maigida da yaransa. A Jiratawa akwai masu kula da injunan ban-ruwa da shugabannin ƙungiyoyin manoma, inda ɗaya ke cewa a kashe inji a duba, ɗaya na kallon shukar da ke jin ƙishi. A je da izini, a saurara, a naɗa, a ƙirga: sau nawa gargaɗi ke fitowa da sigar tambaya, sau nawa da "an", sau nawa da "na", kuma wanne ake ɗauka? A gwada Katsinanci da Gobiranci a ga ko matakalarsu ɗaya ce. A lura da inda bakanike ke tsallakawa zuwa Faransanci, ko don sunan ƙarfe ne ko don ya sami ƙarfin faɗin abin da Hausa ta yi masa nauyi. Masu ƙera jirage a Turai sun fito da sauƙaƙƙen Ingilishi na littattafan gyara tun 1986, bisa ƙa'idar kalma ɗaya ma'ana ɗaya. Ba abin da zai hana mu tsara ɗan ƙaramin kundi irinsa na Hausa, wanda zai raba "na duba" da "na gyara" da "na gwada", ya kuma ba yaron mota jimlar da zai tsayar da maigidansa ba tare da ya zubar masa da girma ba.

Manajan Jidda ya ƙi jiran naitirojin ne don ya ceci kwangila. Kamfanin da ya yi wa wannan hidima ya rushe a 1993, shekara biyu bayan haɗarin. Shi da babban bakaniken kuwa duk suna cikin jirgin a safiyar nan. Mutumin da ya fi kowa sanin halin tayoyin ya nemi iska, aka ce masa a bari, ya bari, ya hau ya zauna tare da alhazai. Magabata sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Saura mu tabbatar cewa wanda ya fara hango muguwar rawar yana da izinin faɗi, kuma harshensa ya ba shi abin faɗi.